Ku Tambaya Mu Amsa: Jarka ɗaya muka sha, me ya sa shi kaɗai ya kwanta?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonni sun taru sosai, kusan rabinsu kan amai da gudawa ne da taifot, ba mamaki kuwa tunda damina ta kankama kwatoci sun cika sun tumbatsa tun daga Agege har Mile 12. Na tsamo guda biyar da naga igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Kuma dan Allah masu ce min Dakta ina ƙara tuni, ni fa ba likita bane, ɗakin gwaji nake aiki, ni da ƙwayoyin cuta muke wuni. Wanda jikinsa ya rikice asibiti zai nufa, kar ya zauna jiran mujalla ta fito.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Lokacin kwalarar da aka yi a Legas a 2024, ni da ƙanina ɗaki ɗaya muke kwana, jarka ɗaya muke sha, kwano ɗaya muke ci. Shi ya kwanta sai da aka ƙara masa ruwa leda bakwai, ni ko murɗar ciki ban yi ba. Mutanen gida sun ce kambun baka ne dan lokacin kasuwa ta buɗe masa. Ni dai har yau abun na min yawo a kai. Daga wani mai sayar da albasa, Mile 12.

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara masa lafiya. Maganar kambun baka ba fannina bace, na bar wa malamai, amma abun da ka faɗa mu a wajenmu ba sabo bane ko kaɗan. Yawancin waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga cikinsu ba sa jin komai, ko su yi 'yar gudawar kwana ɗaya su ce wake ne ya ɓata musu ciki, alhali suna ta fitar da ita a bayan gida har zuwa kwana 10. Kaga zai iya yiwuwa kaima ta bi ta cikinka ta wuce salin alin. Yawan ƙwayar da kowa ya haɗiya ba ɗaya bane, sannan ruwan tsamin nan na cikin tumbi yana kashe mafi yawansu tun kafin su kai hanji, shi ya sa mai yawan shan maganin olsa irin mai kashe tsamin ciki ya fi saurin kamuwa. Wanda ya taɓa yinta a baya jikinsa na da sauran sanayya da ita. Har rukunin jini na da hannu a ciki, an daɗe da lura masu jinin O in ta kama su ta fi yi musu tsanani.

Wannan ɓangaren mutum kenan. Bari in ja ka ɓangaren ita ƙwayar, dan nan labarin ya fi daɗi kuma sauran amsoshin yau duk a kansa za su hau.

Sunanta Vibrio cholerae. In ka leƙa ta a madubin lab 'yar lanƙwasa ce kamar waƙafi, da jela guda ɗaya, ga gudu kamar ɗan okada ya hango motar 'yan kame. Asalin gidanta ruwa ne, musamman inda ruwan gishiri ya gauraya da na daɗi, irin bakin lagun ɗin nan namu. Danginta sun haura iri 200, amma biyu kacal ke tada annoba, O1 da O139, sauran yawanci suna can cikin ruwa suna sabgar gabansu. Toh me ya sa waɗannan biyun suka fita zakka? Kowace ƙwaya tana ɗauke da kundin umarni a cikinta, shi ake kira DNA, kowane umarni guda a cikin kundin kuma Turawa na ce masa jin (ba ruwansa da jinnu dan Allah, an taɓa tare ni da wannan tambayar a masallaci), mu dai mu ce masa ƙwayar gado. A 1996 wasu masu bincike biyu a Amurka, Matthew Waldor da John Mekalanos, suka gano cewa umarnin haɗa dafin kwalara ba gadon gidansu Vibrio bane. Wani bairos ne, irin mai kama bakteriya (wato ƙwayoyi irin su Vibrio) ba mutane ba, yake shiga cikinta ya manna nasa umarnin a kundinta, daga ranar ta koma mai dafi, 'ya'yanta da jikokinta duk haka. Wani abun mamaki kuma, ƙofar da bairos ɗin ke bi ya shiga, wasu siraran gashi ne a jikin ƙwayar, kuma da waɗannan gashin ne take samun zama daram a hanjin mutum. Wato sai wadda ta riga ta iya zama a hanji ce ake miƙa wa makamin.

Shi dafin ba jini yake shiga ba, ƙwayar ma a hanji take tsayawa. Yana manne wa bangon hanji ne ya kutsa ciki ya murɗa wani famfo ya bar shi a buɗe, gishirin jiki ya dinga zuba cikin hanji, ruwa kuma duk inda gishiri ya nufa nan yake bi. Mai tsanani sai ya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya, fari tas kamar ruwan wankin shinkafa, ido ya faɗa, fata ka ja ta ta tsaya. Ƙafewar ruwa ce ke kisa. Shi ya sa ledoji bakwai ɗin nan su suka ceci ƙaninka da yardar Allah, ba wani kafso ba. Kuma akwai wata ƙofa a hanji da dafin baya taɓawa, wadda sukari ke bi ya ja gishiri tare da shi zuwa cikin jiki, nan sirrin ruwan gishiri da sukari yake. In babu na leda a kusa: ruwa mai tsafta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ana ba shi ana tafiya asibiti, ba a tsaya jiran gari ya waye ba, dan go-sulo ɗin Ikorodu Road bai san mara lafiya ba.

Mu a lab yadda muke gane ta abun sha'awa ne. Akwai wani faranti mai koren abinci da muke shafa samfurin a kai, mu sa a akwatin ɗumi mai maki 37, in Nepa ta yi mutunci ko janareta bai shaƙe ba, washegari ka buɗe ka tarar da ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa sun fito a kan koren nan suna sheƙi, dan tana cin sukarin da ke ciki launin ya juya. Wallahi kyau gare su. Duk sanda na gani sai gabana ya faɗi dan na san yau waya ba za ta huta ba.

Karatun kundin nata kuma ya tona asirin tafiye-tafiyenta. Annobar da duniya ke ciki yanzu ita ce ta bakwai, ta faro a 1961 a tsibirin Sulawesi na Indonesiya, ta iso Afirka ta Yamma a 1970. Wani babban bincike da aka fitar a 2017 ya nuna aƙalla sau 11 ana shigo da ita nahiyar nan daga Asiya, mutane ke ɗauko ta a cikinsu ba iska ba. Haka ta Haiti a 2010, da aka karanta kundin sai ga shi ya yi daidai da na ƙasar Nefal inda sojojin kiyaye zaman lafiya suka fito. Mu kuma nan gida a 2021 kaɗai waɗanda aka yi zargin sun kamu sun haura 100,000, aka rasa sama da 3,000, kuma jihohinmu na Arewa ne suka fi jin jiki. Mai ruwa ka tambaye shi ina yake ɗebowa Alhaji, jarkar nan kuma a dinga wanke ta ana sa mata murfi.

TAMBAYA: Salam. Na yi gwajin fitsari saboda zafi da nake ji, takarda ta fito an rubuta E. coli. Na duba a waya naga wai ta kashe mutane a Jamus, tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ina da yara ƙanana, zan shafa musu ne? Daga wata uwar gida, Idi Araba.

AMSA: Hajiya kwantar da hankalinki ki yi barcinki. Sunan ne ɗaya, kayan aikin kowa daban. E. coli tana cikin hanjin kusan kowa, ni da ke da jaririn da aka haifa satin jiya, mafi yawanta zaman lafiya muke da su. Ki duba wannan: a 1997 aka gama karanta kundin wata E. coli ta lab mara cutarwa, haruffa wajen miliyan 4.6. A 2001 aka karanta na wata muguwa mai suna O157:H7 mai sa gudawar jini har ta taɓa ƙoda, sai aka ga nata ya kai wajen miliyan 5.5, da ƙwayoyin gado sama da 1,300 da waccan ba ta da su, da yawansu aro ne, shi kansa dafin bairos ne ya kawo mata kamar dai labarin kwalara. Ta Jamus ɗin da kika gani, ta 2011 ce, ta kwantar da mutum kusan 4,000 ta kashe wajen 50, aka bi sawu har zuwa tsiron hulba da ake ci ɗanye. Wannan a abinci take, a hanji take ɓarna.

Taki kuwa mai sa zafin fitsari, yawanci daga hanjin mutum kansa take ɓatan hanya ta shiga mafitsara, abun da ta ƙware a kai shi ne wasu 'yan ƙugiyoyi da take maƙale bango da su kar fitsari ya wanke ta. Ba za ki shafa wa yara dan kun zauna tabarma ɗaya ba. Ki duba ƙasan takardar za ki ga jerin magunguna, wasu da S a gaba wasu da R. S na nufin maganin zai ci ta, R na nufin ta fi ƙarfinsa. Ki kai wa likita ya zaɓa, kar ki tsaya a kemis ki ce a baki maganin sanyi. In kina da juna biyu ko kin fara jin zazzaɓi da ciwon kwiɓi, yau ɗin nan za ki je ba gobe ba. Af, in kina son sanin 'yar ƙasa da ta shafe shekaru tana bin diddigin dangin E. coli masu sa yaranmu gudawa, Farfesa Iruka Okeke ce ta jami'ar Ibadan.

TAMBAYA: Malam ni ɗan Zamfara ne ina gadi a Legas. Shekarun baya an bi gari-gari an yi mana allurar sanƙarau aka ce an gama da ita. Sai ga shi a 2017 ta dawo ta ɗauke min ɗan ƙanwata. Ashe allurar ta bogi ce? Yanzu kuma an ce a sake kawo yara, ni na hana nawa. Daga wani mai gadi, Obalende.

AMSA: Baba Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne. Na fahimci zafin da ke ranka, amma allurar ba ta bogi bace, ta yi aikinta, ɓarawon ne ya sake riga. Ƙwayar sanƙarau, Neisseria meningitidis, tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa lafiyayyu, kusan mutum 1 cikin 10, ba ta yi musu komai. Wadda ke iya ratsawa cikin jini ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa ita ce mai sanye da wata riga mai santsi da aka yi da wani nau'in sukari, sojojin jini su kai hannu su kama ta sai ta sulluɓe. Rigar nan kala-kala ce, ana kiransu da haruffa, A, B, C, W, X, Y. Allura kuma hoton rigar take nuna wa jiki ta ce ga ɓarawo nan ku riƙe kamanninsa.

Shekara da shekaru mai riga A ce ke ɗaiɗaita mu, ita ce ta babbar annobar 1996 da dattawa ba za su manta ba. Allurar da aka yi muku, MenAfriVac, an fara ta a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Najeriya a 2011, kuma gaskiya ta karya A, yanzu da ƙyar ake ganinta. Sai a 2013 wata sabuwa mai riga C ta ɓulla a Sakkwato, ta tsallaka Kebbi, a 2015 ta girgiza Yamai, sannan ƙarshen 2016 zuwa 2017 ta yi wannan ɓarnar da ta faro daga Zamfara, mutum sama da 14,000 aka yi zargin sun kamu, sama da 1,000 suka rasu. Da masu bincike suka karanta kundinta suka fitar da sakamako a 2018, abun da suka gani ya ba kowa mamaki. Kakarta wata ƙwaya ce tsirara mara riga, irin masu zaman lafiya a maƙogwaro, ta tsinci umarnin ɗinka rigar C daga wata 'yar uwarta, ta ƙara da wani bairos da ya shige ta, shikenan ta zama abun da ta zama. Wato a maƙogwaron wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba aka yi wannan musayar.

Wadda ake kira a kawo yara yanzu, in dai sabuwar ce Men5CV, hoton riga biyar take ɗauke da shi, A da C da W da Y da X, kuma Najeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara yinta a 2024. Baba ka kira gida ka ce a kai su. Ka haɗa da tambayar ko an cike musu ta sati 6 da 10 da 14, dan a ciki akwai ta mashaƙo, wanda ya addabi Kano tun ƙarshen 2022. Shi ma mashaƙon labarinsa ɗaya ne, tun 1951 aka gano ƙwayarsa ba ta da dafi sai bairos ya ɗora mata.

TAMBAYA: Dakta ina da ɗan shagon magani. Da in mutum ya zo da gudawa na ba shi ja da yalo da filajil, kwana biyu ya miƙe. Yanzu sai su dawo su ce bai yi ba. Kamfanoni ne suka rage ƙarfin magani ko jabu ne ya yi yawa? Daga wani mai kemis, Agege.

AMSA: Ɗan uwa jabu akwai shi, ba na musu, amma ko ka samo na asali daga bakin injin kamfani abun da kake gani ba zai canza ba. Kuma ka yi haƙuri zan faɗa maka gaskiya ko da ɗaci, da hannunka a ciki, da nawa, da na duk wanda ya taɓa sayen kafso huɗu na ɗari biyu.

Ban da babban kundi, bakteriya na ɗauke da wasu 'yan ƙananan zobba na DNA da ake kira filasmid. Ka ɗauke su kamar memori kad. Ƙwaya biyu su matso kusa, ɗaya ta miƙa siririn bututu ta tura wa ɗayar kwafi, kamar yadda yaran shago ke tura wa juna abu ta Xender, kuma ba sai 'yan gida ɗaya ba, E. coli na iya tura wa ƙwayar atini ko ta taifot. Tun shekarun 1950 aka fara ganin haka a Japan, ƙwayar atini ta wayi gari ta fi ƙarfin magani huɗu a lokaci ɗaya, duk a kan zobe guda. Yanzu lissafa: E. coli in ta samu wuri mai daɗi duk minti 20 take rabuwa biyu. Ka ba mutum antibayotik na kwana biyu, masu rauni su mutu, har da na kirki masu tare wuri, mai zoben ta rage ita kaɗai da fili fetal. Gudawar kuma da ma yawancinta da kanta za ta tsaya, ta yara ma da yawa bairos ne wanda kafso baya masa komai, kaga an yi kiwon mai taurin kai ne kawai a banza. Shi kansa Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi kashedin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin jure shi.

Bari in baka abun da na gani da idona. Muna shafa ƙwaya a faranti mu jera 'yan takardu zagayayyu kamar maɓallin riga, kowace da maganinta. In magani na ci, washegari za ka ga fili wasai ya zagaye takardar, ƙwaya ta kasa matsowa. Wata rana aka kawo fitsarin wani dattijo da ya daɗe da robar fitsari a jikinsa, da safe na ɗaga farantin na kalli fitila, takarda takwas, babu fili ko ɗaya, ƙwayar ta yi tsiro har kan takardun kamar ciyawa ta cinye kabari. Na sake gwajin dan na zata ni na yi kuskure. Haka ya sake fitowa. Na rubuta R sau takwas, ɗansa na tsaye a taga yana tambayata Malam wanne za mu saya.

Wani babban lissafi da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka fi ƙarfin magani, kuma yankin da abun ya fi muni in aka auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. A Pakistan tun 2016 suke fama da taifot ɗin da ta tsinci irin wannan zoben, kusan duk maganin sha na yau da kullum ya daina cinta. A Chaina a 2015 aka ba da rahoton wani umarni mai suna mcr-1 a jikin ƙwayoyin aladu da nama, mai karya kolistin, maganin da likitoci ke ɓoyewa sai an rasa yadda za a yi. Wannan na faɗa ne dan 'yan uwanmu masu harkar shanu da kaji, ku da ke kusa da mayankar Oko-Oba kun san ana dirka wa dabba allura dan ta jure hanya, a jikin kwalbar akwai kwanakin da aka ce a jira kafin yanka, a dinga dubawa.

Mai gudawa in ya zo maka, ruwan gishiri da sukari, yaro ka haɗa masa da zinc na kwana 10 zuwa 14. Ka ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko irin ruwan shinkafar can, tura shi asibiti. Na san ribar kafso ta fi, ban ce ban sani ba.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Likitanci na nema aka ba ni maikurobayoloji, wato ilimin ƙwayoyin cuta, ina aji biyu yanzu. A gida ana min dariya wai zan ƙare a gwajin kashi. Ni kuma na fara jin daɗin karatun. Wai me masu binciken nan suke yi takamaimai, kuma akwai inda ake yi a ƙasar nan? Daga wani ɗalibi, Alaba Rago.

AMSA: Ƙanina nima an min wannan dariyar, kuma eh, za ka gwada kashi, da yawa ma, hancinka zai saba. Amma duk amsoshin da ka karanta a sama daga irin wannan kwanon suka fito.

Aikin a taƙaice tambaya ɗaya ce: cikin dubban umarnin da ke kundin ƙwaya, wanne ne ke sa ta cutarwa? A 1928 wani Bature a Ingila, Frederick Griffith, yana aiki da ƙwayar nimoniya iri biyu, mai riga da ke kashe ɓera da mara riga da ba ta komai. Ya dafa mai rigar ta mutu, ya gauraya gawarta da mara rigar mai rai, ya yi wa ɓera allura, ɓera ya mutu, da aka buɗe shi sai ga masu riga da ransu. Wato rayayyar ta tsinci wani abu a jikin gawa ta koyi ɗinki. Sai a 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa biyu a New York suka nuna abun nan da aka tsinta DNA ne. Kaga wani babban ɓangare na ilimin gado na zamani daga teburin masu ƙwayoyin cuta ya taso, ka faɗa wa masu dariya. Daga baya Stanley Falkow na jami'ar Stanford, wanda ya rasu a 2018, ya shimfiɗa ƙa'ida a 1988 da har yau ake bi: in kana zargin wani umarni, ka nuna yana jikin masu cutarwa, ka cire shi ka ga cutarwar ta ragu, ka mayar ka ga ta dawo. Aikin mai gyaran wayarin mota ne sak, zare waya ɗaya ka ga wace fitila ta mutu, ka mayar ka ga ta kawo. Sai dai wata wayar sai ka shekara kana nemanta.

Kuma akwai tambayoyin da namu ne, suna nan suna jiran mai ɗauka. Misali ƙwayar olsa, Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall na Ostareliya ya kurɓa da gangan a 1984 dan a yarda da shi, shi da Robin Warren suka ci Nobel a 2005. An san masu ɗauke da wani umarni mai suna cagA sun fi haddasa gyambo da kansar tumbi. Amma a 1992 wani likita da ya yi aiki a Maiduguri, Holcombe, ya rubuta cewa ga ƙwayar a cikin kusan kowa a yankin amma kansar ba ta da yawa yadda aka zata, ya kira abun ɗaurin kan Afirka, kuma har yau ana jayayya ko irin ƙwayar ce, ko abincinmu, ko kuwa dai ba a gwada mutane ne sosai.

Wurin yi kuwa ba sai ka tsallaka teku ba. Nan Yaba akwai cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, inda Farfesa Stella Smith ta daɗe tana aiki a kan wannan ƙwayar olsar. Ga Ibadan da na ambata. Ga cibiyar karanta kundin ƙwayoyin cuta ta ACEGID a Ede ta jihar Osun ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, su suka fara karanta kundin korona a Afirka a watan Maris na 2020. Shawarata, lokacin ai-ti, wato fita koyon aiki, ka nemi inda ake shuka ƙwaya da gaske ba inda za a sa ka rubuta rasit ba, sannan ka dage da kwamfuta dan yanzu rabin aikin a kan allo ake yi, kundin ƙwaya ɗaya haruffa miliyoyi ne ba mai karanta su da ido. Ranar farko ka je da farar rigarka da rufaffen takalmi, silifa ba ya shiga lab, kuma ka ci abincinka tun a waje.